Shinkafar Baba Yohanna da Gayya Ta Haɗe

Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana. Ku ma masu karantawa, in wani cikinku ya gane ni, ya riƙe a cikinshi, kada ya faɗa wa kowa. Sunayen duk na sauya su, garin ma ba zan faɗa ba, ku dai sani yana bakin ruwa can wajen Ngaski. Wanda ya yi kuskuren nan yana nan da ranshi, kuma ƙofa ɗaya muke shiga. Da wayar yayata nake rubutawa, ta tafi kai niƙa.

Akwai wani dattijo ana ce mishi Baba Yohanna. Bagunge ne, a tsakiyar ruwa aka haife shi, a wani gungu, wato tsibiri, da ruwan Kainji ya haɗiye tun yana ɗan shekara tara ko goma.

Muna ƙanana, in ya gama aiki yakan zauna bakin gaɓa ya miƙa sandarshi can tsakiyar ruwa, inda ba ka ganin komi sai kwalekwale. Ya ce ga inda ɗakin Innarshi yake, ga inda suke shanya albasa, ga wata tsamiya da biri ya taɓa ƙwace mishi ɗan wake. Mu muna dariya, shi kuma yana nunawa kamar yau ya baro wurin. Wallahi har yanzu in na bi ta gaɓar nan sai na ji kamar zan gan shi.

Ya ce ranar da aka tashe su kowa ya ɗauki abin da ya fi so. Wani tukunya, wani akuya, wani har ƙyauren ɗaki. Innarshi kuwa irin shinkafa ta ƙulle a tsohon zane ta aza a kai, ba ta sauke ba har jirgi ya kai tudu. Wata 'yar gajeruwar shinkafa ce, in an cire mata ɓawo ja ce. Su suna ce mata 'yar-gungu.

Tun daga ranar ba a taɓa tsallake damina ba a shuka ta ba. Da Innar ta rasu Baba ya ci gaba. Ba ta da yawan haihuwa irin na sabon iri, shi ya sa mutane duk suka yar da ita, sai shi kaɗai. Ɗan wuri yake ware mata a bakin ruwa, bai fi faɗin tsakar gida ba.

Babban ɗanshi Elijah shi ne mai riƙe da gonar gidan. Manomi ne na gaske, ba zan rage mishi ba, rana ba ta fito ta same shi a gida. Amma in ya ce abu kaza ne, to kaza ne. Kullum yana ce wa Baba wanga wuri da yake ɓatawa da shinkafar tsofaffi, da sabon iri aka sa da an samu buhu biyu. Baba sai dai ya yi murmushi ya ce a bar mishi kayanshi.

To, shekara uku da suka wuce wani ciwo ya shigo wa shinkafa a fadamarmu. Ganye ya yi ruwan ɗorawa da zane-zane, shinkafa ta tsugune ba ta tashi, in ma ta fid da kai ka murza sai ka ji fanko. Mutane suka ce yunwar taki ce. Aka yi ta zuba taki, abu sai ƙaruwa.

Sai ga wata mata ta zo daga wani wuri da ake binciken amfanin gona. Malama Barira sunanta. 'Yar Birnin Yauri ce, maganarta irin tamu, sai dai ta yi karatu mai zurfi. Da dogon takalmin roba take shiga laka har gwiwa, hijabinta ta ɗaure a ƙugu.

Ita ta faɗa wa mutane ba yunwa ba ce. Ta ce ciwo ne da ido ba ya gani, wasu ƙananan ƙwari ke ɗaukarshi daga ganye zuwa ganye, har hannun mutum da lauje suna ɗauka. Ta ce babu feshin da ke warkar da wadda ta kamu, mafita ita ce a samu irin da jikinshi ke iya turje wa ciwon. Abin da take yawon nema ke nan.

Tana cikin zagaye ta iso bakin ruwa, ta ga fadama duk ta yi rawaya, sai ɗan wurin Baba kore shar. Ta tsaya ta daɗe. Ta tsuguna tana juya ganyen. Sannan ta nemi mai wurin, ta durƙusa ta gaishe shi, ta roƙi ya ba ta ko cikin tafin hannu ta tafi da shi ta gwada.

Baba ya ce, "Ɗiyata, mu ba mu ba baƙo iri daga rumbu ya tafi da shi. Haka munka taras. Mai so, ya shuka a nan ƙasarmu, ranar yanka ya zo ya yanka da hannunshi."

Ba ta yi gardama ba. Ta ce ta ji, za ta jira.

Da damina ta zagayo Baba ya ba ta gefe ɗaya na babbar gonarshi ta tudu. Ta yanka fangali goma sha biyu, kowanne bai fi ɗaki ba, ta kafa musu turaku masu lamba. Kowane fangali da irin da aka sa mishi. Biyu daga ciki 'yar-gungu ce. Irin da Baba ke da shi dama bai cika mudu biyu ba, sai ya raba, rabi ya ba ta, rabi ya kai wurinshi na bakin ruwa. Rumbu bai rage ko ƙwaya ba.

Duk mako biyu tana zuwa. Ta ƙirga 'ya'yan kowane gindi, ta auna tsawo, ta duba ganye, ta rubuta. Elijah yakan ce wa abokanshi ga telar shinkafa nan ta zo ɗaukar awo, bana shinkafar Baba za ta sa riga. Su kuma suna tsokanarshi wai ya zama ɗan aiken Malama, don wani lokacin shi take bar wa saƙo. Wanga tsokana ta fi komi ci mishi rai.

Shekarar ruwa ya taso da wuri. Kwana uku ya cinye wurin Baba na bakin gaɓa, ko kan ganye ba ka gani. Ku riƙe wannan da kyau: daga ranar, duk duniya babu inda 'yar-gungu ta rage sai fangali biyun nan na Malama.

Kuma su biyun sun yi kyau. Ciwon ya taɓa saura, wasu sosai wasu kaɗan, su kuwa ko a jikinsu. Malama ta sa ranar yanka, wata Alhamis. Ta faɗa gaban Baba da Elijah, ta maimaita, cewa kowane fangali daban za a yanke shi, a buge shi daban, a auna shi daban, a zuba a buhunshi daban. Ta ce ko sama za ta faɗo kada a taɓa sai ta zo.

Saura kwana tara Baba ya faɗi ciwo. Zazzaɓi da tari, har sai da aka kai shi asibiti a Yelwa aka ba shi gado. Cikin kwanakin kuma tsuntsayen jan-baki suka sauko, garke-garke, in sun tashi daga gona kamar hayaƙi.

Ku da ke birni wataƙila ba ku san yadda muke ba. A wurinmu in mutum ya kwanta ciwo amfaninshi na gona, ba a jira ya roƙa. Gayya ake yi mishi. Masu zuwa coci da masu zuwa masallaci duk a fito da lauje, mata su dama kunu, a gama mishi aiki rana ɗaya. Kuma Baba mutum ne da babu gonar da bai taɓa sunkuya wa ba a garin. Don haka ranar Asabar mutum ya fi arba'in a gonarshi tun da hantsi. Da zuciya ɗaya suka zo, Allah ya sani.

Suka share babbar gonar, suka iso wurin fangalin nan. Wani dattijo ya tsaya ya tambayi Elijah waɗanga turaku fa, ba na baƙuwar nan ba ne? Kafin ya amsa wani daga baya ya ce a dakata tukuna, ɗan aike ya buga waya ya nemi izni. Aka kwashe da dariya.

Elijah yana da lambarta a wayarshi. Ya san abin da ta ce. Ya dubi mutane, ya dubi turakun, sai ya ce, "Ku tuge su kada su sari ƙafar wani. Shinkafa ai shinkafa ce."

Haka aka yi. Aka yanke duka, aka tara dami kan dami, aka shimfiɗa tamfol aka buge a jikin duro, mata suka sheƙe. Tsibi ɗaya. Buhu goma sha takwas aka ɗure, ana ta sa wa juna albarka. 'Yar-gungu da ba ta fi mudu shida ba ta ɓace cikinsu.

Bai tsaya nan ba. Kun san in sabuwar shinkafa ta shigo gida, mata sai su hau turara ta da ɓawonta a shanya kafin a kai inji. Shinkafar da ta sha wuta kuwa ta mutu, ko a aljanna ka shuka ta ba ta tsira. Babu wanda ya ce musu kada su yi. Kafin Alhamis sun turara buhu goma sha uku.

Ranar Alhamis Malama ta iso da sikelinta da ƙananan buhuna goma sha biyu, kowanne ta riga ta rubuta mishi lamba. Ta samu gona fayau, turakunta a jibge gefe, wasu ma an kai murhu. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a kan kunyar gona. Da Elijah ya zo yana cewa ai tsuntsu ne, ai taimako ne aka yi, ta ce mishi ita aikinta na shekara ɗaya ne ya tafi, ana iya sakewa. Ta ce, "Na Baba fa, Elijah? Shi a ina za a sake samo shi?"

Nan ne fa ya gane. Wallahi ina jin sai a lokacin ya tuna ruwa ya ci na bakin gaɓa.

Ta shigo gida da sauri ta ce a kashe wutar da ke ƙarƙashin tukunya. Buhu biyar suka tsira ɗanye.

Bayan kwana huɗu aka sallamo Baba. Ya rame, sai an riƙe shi. Kowa na tsoron faɗa mishi, a ƙarshe yayarshi Dudu ta faɗa. Tsohuwa ce tukuf, ita ma a gungun aka haife ta, idonta ya yi hazo, ba ta jin tsoron kowa.

Mun zaci zai yi faɗa. Bai ko dubi inda Elijah yake ba. Ya dubi ƙasa ya ce, "Inna ta tsallako da ita ruwa a bisa kai. Ni daga gona zuwa gida na kasa kawo ta."

Ya juya ya fuskanci bango. Abinci ma sai da lallashi.

Washegari Dudu ta sa aka jawo mata buhu ɗaya cikin biyar ɗin. Ta zauna ƙofar ɗakinta ta ɗebi shanshera, shinkafa mai ɓawo, a faifai tana murzawa da yatsu. Can sai ta ware ƙwaya ɗaya ta aje a gefen zane. Can kuma wata. Aka tambaye ta me take yi, ta ce tana neman 'yar gidansu cikin baƙi. Ta ce duk sauran shinkafa ɓawonsu da kaushi, kamar gemun da aka aske jiya, ita kuwa 'yar-gungu sumul take, gajera mai faɗi. Ta ce ido na iya ruɗewa, yatsa ba ya ruɗewa.

Aka kira Malama a waya. Ta zo da wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu, ta duba ƙwayoyin da Dudu ta ware guda ashirin da wani abu. Biyu kawai ta fitar. Ta ɗago tana dariya, idonta da ƙwalla, ta ce abin da suka karanta a littafi ke nan, irin wannan shinkafar ba ta da gashi a ɓawo, amma ita ba ta taɓa tunanin a yi tsintar buhu biyar da hannu ba.

Dudu ta ce, "Ke ɗiyar nan, mu da muke tsince tsakuwa cikin shinkafa tun ba a haifi uwarki ba?"

Sai matan gidan suka ɗauko fayafai da tire. Maƙwabta suka ji suka shigo, har waɗanda suka dama kunun gayya, don su ma abin ya tsaya musu a rai. In an gama aikin safe a zauna ƙarƙashin mangwaro har la'asar. Aiki ne mai cin rai. Sai ka murza cikin hannu goma ba ka samu ƙwaya uku ba. Duk wadda aka samu sai ta bi ta hannun Dudu kafin a jefa a gwangwani. Tana tsinta tana ba da labarin gungu, yadda suke tuƙa jirgi su kai albasa kasuwar Yelwa, da yadda Yohanna ya taɓa faɗawa ruwa garin leƙen kifi aka jawo shi da kunne.

Elijah kwana shida yana wucewa ta gefe kamar bai ga ana yi ba. Ya rage magana, ya daina zama majalisa. Rana ta bakwai ya shigo, ya tsaya, ya tsaya, sai ya jawo turmi ya kifa ya zauna cikin mata. Ya ce, "Gwaggo, a ba ni faifai."

Dudu ta ce wane ne wannan, ba ta gani sosai, ko mai gayya ne? Ta ce a ba shi, amma a sa mishi ido, yatsun nan nashi kamar rogo ba su san sumul da kaushi ba. Mata suka fashe da dariya. Ƙwaya biyar na farko da ya miƙa duk ta watsar, ta ce ko kaza ta fi shi zaɓe. Bai tashi ba. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba. Mazan da suka tsokane shi a gona suna leƙowa ta katanga suna ganinshi da faifai a cinya, bai ɗago ba. Tun daga ranar bai fasa zama ba har aka gama.

Kwana goma sha tara aka yi. Abin da aka samu gwangwanin madara uku ne da ɗan kai.

Amma Malama ta ce kada a yi murna tukuna. Buhunan sun kwana kusa da wuta da tururi, wasu sun jiƙa, ba ta san ko irin na da rai ba. Ta ƙirga ƙwaya goma, ta jera a tsumma mai laima, ta naɗe ta sa a kwano, ta ce a aje inuwa a riƙa yayyafa ruwa, kada a buɗe sai kwana biyar. Elijah ya ce shi zai riƙe.

Ban taɓa ganin kwana biyar masu tsawo irin waɗannan ba. Ƙato guda yana yawo da kwano kamar mai jinya, kaza ta matso ya kore ta har waje.

Rana ta biyar ya shiga ɗakin Baba da kwanon, Dudu da Malama na biye. Ya durƙusa ya warware tsumman. Bakwai sun fasa, kowace da ɗan farin tsiro kamar zare.

Aka tada Baba zaune. Ya kawo tsumman kusa da ido, ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa. Tun dawowarshi daga asibiti bai yi wa Elijah magana ba, sai ranar. Ya ce, "Bakwai. To, ka shuka ta nesa da ruwa. Kuma kada ka bar ta a hannu ɗaya yadda na yi."

Elijah ya ce to, Baba.

Baba bai ga damina ba. Ana saura wata ɗaya ruwa ya sauka ya rasu.

Elijah ya shuka ta ƙwaya ɗaya-ɗaya a layi yadda Malama ta nuna, duk gindin da ya fito da wata kama daban ya tuge. Ciwon ya dawo shekarar, ya ci rabin babbar gonar, layukan nan suna tsaye kore. Malama ta samu nata ta tafi da shi, ta ce za su gwada haɗa ta da mai yawan haihuwa, amma abu ne na shekaru. Yanzu gida shida ke da irin a garinmu.

Sai bana ta yi yawan da aka iya taɓa ta don ci. Dudu da kanta ta tsaya aka tuƙa tuwo, jan tuwo mai ƙamshi, da miyar kifi. Aka zuba wa kowa. Elijah ya wanke hannu ya zauna, ya yi loma ɗaya. Ya daɗe da ita a baki. Sai ya rufe kwanon a hankali, ya ce a ba yara, ya tashi ya fita bai sa takalmi ba.

Har yau ba a tada maganar nan a gabanshi.

Darasi: In an bar maka amana aka ce kada ka taɓa, to kada dariyar mutane ta sa ka taɓa, ko da niyyar taimako ce. Tambaya ɗaya da Elijah ya ji kunyar yi ta jawo kwana goma sha tara na tsinta, kuma Baba bai sake cin shinkafar Innarshi ba. Kada ku raina abin da tsofaffi ke ɓoyo, kada ku raina mai ilimin da ya zo da awo, haƙurinsu su biyu ne ya ceto irin. Don Allah ku tura wa duk manomin da kuka sani, musamman mai tsohon iri a rumbu, ya raba wa wasu tun yana da rai. Ni dai sunana kada ya fito, na ji an taɓa ƙyaure, muryar Elijah ce, bari in tura in goge kafin